Wa Za Ya Tafi Ya Neme Su?

Karatu: II Timothawus 1:15-18, I Sarakuna 19:1-8

A watan nan ina so in ba ku labarin wata mace wadda duniya ta taɓa ɗaukakawa, domin mu koyi wani aikin da ke kanmu, wanda sau da yawa mukan manta da shi.

Sunanta Althea Gibson. An haife ta a shekara ta 1927 a kudancin Amurka, iyayenta baƙaƙen fata ne matalauta, masu noman auduga a gonar wani. Tana da shekara 3 suka koma Harlem, unguwar baƙaƙe a birnin Niyok. Ta tashi cikin wahala, ta bar makaranta da wuri, har akwai lokacin da ta guje wa gida saboda tsoron dūkan ubanta. Amma Allah ya ba ta baiwa a wasan tanis, wato wasan da mutum biyu ko huɗu sukan tsaya, raga a tsakaninsu, suna buga wa juna ƙaramar ƙwallo. Maƙwabtanta suka yi karo-karo suka biya mata kuɗin koyo. Daga baya likitoci biyu suka ɗauki nauyinta, ta koma makaranta ta gama.

A zamanin nan ba a barin baƙi su yi wasa tare da farare a manyan gasa. Ita ce baƙar fata ta fari da ta shiga babbar gasar Amurka a 1950. A 1956 ta ci gasar Faransa. A 1957 ta ci gasar Wimbledon a Ingila, Sarauniya Elizabet ta miƙa mata kyautar da hannunta. Da ta koma Niyok aka yi mata jerin gwano a titi, dubban mutane suna ta sowa. A 1958 ta sāke cin Wimbledon da gasar Amurka duka biyu.

To, ga abinda masu sowa ba su sani ba. A lokacin nan ba a biyan kuɗi ga wanda ya ci waɗannan gasa. Sai a 1968 aka fara. Ga ɗakinta cike da kofuna na azurfa, ga hannunta babu kome. Ta bar gasa a ƙarshen 1958 domin ta nemi abinci. Ta gwada waƙa, ta gwada wani wasan, ta yi aikin gwamnati. Ta yi aure sau biyu, duka suka mutu, ba ta kuwa sami haihuwa ba. A 1992 ciwon shanyewar jiki ya same ta, kuɗin magani ya cinye ɗan abinda ta tara. Ta kulle kanta a ɗaki, ba ta so kowa ya ga halin da ta shiga, gama wanda aka saba gani a bisa yakan ji kunyar a gan shi a ƙasa.

A 1995 ta kira wata tsohuwar abokiyarta ta waya, mai suna Angela Buxton, Bayahudiya ce ta ƙasar Ingila. Su biyu sun sha wariya a ƙuruciyarsu, wannan don launin fata, waccan don kabila, har suka haɗa kai suka ci wasan mutum bibbiyu a Faransa da Wimbledon a 1956. Althea ta gaya mata ba ta da kuɗin haya, ba ta da na abinci ko na magani, ta kira ne domin su yi sallama, gama tana tunanin kashe kanta.

Angela ba ta yi mata faɗa ba. Ta tambaye ta abinda take bukata, ta aika mata daga nata aljihu, ta kuma sa aka buga wasiƙa a wata mujallar tanis a 1996. Mutane daga ƙasashe da yawa suka aiko da taimako, har ya kai kusan dala miliyan 1. Althea ta ƙara shekara 8 a duniya bayan kiran nan, ta rasu a 2003 tana da shekara 76.

'Yan'uwa, kada wani ya ce wannan cutar masu bin duniya ce kaɗai. Ku duba Iliya. A bisa dutsen Karmel ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450, wuta ta sauko, dukan jama'a suka faɗi rubda ciki. Ba a daɗe ba sai ga shi a jeji, zaune a gindin itace, yana roƙon Allah ya ɗauki ransa. Me Ubangiji ya yi masa? Ya bar shi ya yi barci. Ya aiko mala'ika da waina da tulun ruwa, har sau biyu. Sai da ya ci ya sha, ya sami ƙarfi, kāna aka yi masa magana a Horeb. Allahnmu ya san mu ƙura ne, ya san ciki mai yunwa ba ya jin wa'azi sosai.

Ku duba kuma Bulus. Wa ya kafa ekklisiyai kamarsa? Duk da haka sa'anda aka ɗaure shi a Roma, ya rubuta wa Timothawus cewa mutanen Asiya sun juya masa baya. Amma ya ambaci mutum ɗaya, Onisiforus, wanda bai ji kunyar sarƙarsa ba. Da ya iso Roma, babban birnin da baƙo yake ɓata a ciki, ya yi ta cigiya har ya same shi, ya wartsakar da shi sau da yawa. Ba a gaya mana Onisiforus ya taɓa yin wa'azi ba. Ƙafafunsa ne suka yi aikin, sunansa kuwa yana cikin Littafi Mai Tsarki har yau.

A nan ne maganar ta iso gare mu. Althea ta ɗauki waya ta kira, Allah kuwa ya sa aka amsa. Amma mutane nawa ne ba za su taɓa kira ba? Mu Hausawa mun san kunya, mun san kara. Dattijo ya gwammace ya kwana da yunwa da a ce ya roƙi wanda ya yi wa baftisma. Ku tuna da tsohon mai-bishara wanda ya buɗe aiki a ƙauyenku, ya yi shekara da shekaru yana tafiya a ƙasa ko a keke. Ina yake yanzu? Ku tuna da gwauruwar fasto wadda ta bar gidan ekklisiya bayan jana'iza. Ku tuna da mai-waƙar nan wadda muryarta ta cika taron zumunta, yau ta yi wata uku ba a gan ta a sujada ba. Mun ce, ai suna da 'ya'ya. Mun ce, da da wani abu da mun ji. Haka nan mutanen Asiya suka yi ta faɗa wa kansu.

Ina roƙon kowane mai-karanta wannan ya yi abu uku. Na fari, kafin Lahadi mai zuwa ka rubuta sunan mutum ɗaya wanda ya yi shiru, ka tafi gidansa da ƙafarka. Na biyu, kada ka tsaya ga gaisuwa, gama kowa za ya amsa maka lafiya lau. Ka zauna, ka dubi rumbu, ka dubi murhu, ka tambayi zancen magani. Na uku, idan ya ambaci mutuwa, kada ka yi masa dariya, kada ka tsawata masa. Ka zauna tare da shi, ka sanar da dattawa, a kai shi wurin likita, a yi addu'a, a kuma kawo hatsi.

Kai kuwa wanda kake cikin wannan duhu yau, ɗan'uwana, 'yar'uwata, ba ka fi Iliya ba, ba ka fi Bulus ba. Ka buɗe baki ka gaya wa mutum ɗaya. Yesu Kristi kansa a Jatsamani ya roƙi almajirai uku su zauna a faɗake tare da shi. In Ubangijinka bai ɓoye baƙin cikinsa ba, kai ma ba abin kunya ba ne gare ka.

Makiyayi mai-kyau ya bar tasa'in da tara ya tafi neman ɗaya, haka ya neme mu sa'anda muke ɓatattu. Bari ya ba mu zuciya irin ta Onisiforus, domin kada wani bawan Allah ya tsufa a cikinmu ba mai ƙwanƙwasa ƙofarsa. Amin.