Hakkin Ɗan Ƙwadago Kafin Faɗuwar Rana

Ranar 1 ga Mayu Ikkilisiya tana tunawa da Yusufu Mai Tsarki, masassaƙin Nazarat. Paparoma Pius na 12 ne ya kafa wannan idi a 1955. A ƙasarmu kuwa, tsohuwar Jihar Kano, wadda Gumel ke cikinta a lokacin, ta ba da hutun ranar ma'aikata a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, kafin Gwamnatin Tarayya ta bi sahu a 1981.

Amma akwai ma'aikatan da hutun bai taɓa isa gare su ba. Ku je kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ku dubi masu lodin shanu da 'yan dako, da yawansu 'yan ci-rani ne daga Nijar. Ku tuna da masu yankan riɗi a gonakin Sule Tankarkar da Gagarawa, da mata masu gyaran zoɓo, da samarinmu da suka tafi masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano. Ba su da takardar ɗaukar aiki, ba su da ƙungiya. Baki da baki ake yin cinikin guminsu.

Haka ma'aikatan Turai suke sa'ad da injuna suka kwashe mutane daga ƙauye zuwa birni, har da yara ƙanana a ramukan kwal. Wannan ya sa Paparoma Leo na 13 ya rubuta wasiƙarsa Rerum Novarum ranar 15 ga Mayu, 1891. Ya goyi bayan hutu, da kare yara, da 'yancin kafa ƙungiya. Abin da ya fi taɓa mu a ciki shi ne koyarwarsa a kan lada. Mukan ce, ai shi ya yarda da farashin. Paparoma ya nuna cewa yardar da yunwa ta tilasta ba ta wanke mai ba da aiki. Idan mutum ya karɓi abin da ba zai ciyar da shi ba domin ba shi da wata mafita, an zalunce shi, ko da ya yi godiya ya tafi. Baƙon da ya ƙetaro iyaka, wanda ba shi da dangi ko mai tsaya masa, shi ne ya fi saurin yarda.

Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta umarta a biya matalauci ladansa a ranar da ya yi aikin, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Yaƙub 5:4 kuma ya gargaɗe mu cewa Ubangiji yana jin kukan masu girbin da aka riƙe wa hakki.

Kada mu ɗauka da manyan attajirai kaɗai ake magana. A cikinmu akwai masu shago, da 'yan kwangila, da iyalan da ke riƙe da yarinya 'yar aiki, wadda sau da yawa ba addininmu ɗaya ba, kuma wannan bai rage ko kwabo daga hakkinta ba. Akwai yaron shagon da aka yi wa alkawarin sallama bayan shekara biyar, ga ta bakwai ta shiga.

Saboda haka muna roƙonku, kafin ku kawo baiko gaban bagadi ranar idin Yusufu, kowa ya zauna ya lissafa wa ke binsa kuɗin aiki, nawa ne, tun yaushe. Wanda ba zai iya biya gaba ɗaya ba, ya kira mai hakkin a gaban shaida, su sa rana.