Ruwa, Ciyawa Da Wuta: Ina Tarayyar Ta Kwana?

Da can a garuruwan ƙasar Hausa, in magariba ta gabato, murhun wata mata kuma ya mutu, sai ta aiki yaro maƙwabta da ɗan kasko ya ɗebo mata garwashi. Ba a sayar da garwashin nan, ba a kuma hana shi, ko da akwai tsama tsakanin gidajen biyu. Al'adar nan tana da tushe a shari'a, gama ya zo a hadisin da Abu Dawuda da Ibnu Majah suka ruwaito cewa akwai abubuwa uku da jama'a suka yi tarayya a cikinsu, watau ruwa da ciyawa da wuta. To, ina tarayyar nan ta kwana yanzu da wuta ta koma ta waya, da ta tukunyar gas, da ta buhun gawayi?

Wanda ke neman amsa ya dubi kudancin Jihar Kano, domin dukkan abubuwan nan uku suna can. Kogin Kano yana gangarowa ta Dajin Falgore, a ƙasar Doguwa da Tudun Wada, ya zuba a Tiga cikin ƙasar Bebeji, inda aka gina madatsar ruwa daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Tafkin yana ɗaukar ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Da shi ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, kuma birnin Kano na sha daga gare shi. Daga baya Gwamnatin Jiha ta kafa tashar lantarki mai ƙarfin megawat 10 a jikin madatsar, aka kuma bayyana cewa wutar za ta tafi matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan birni. Babu mai musun amfanin wannan aiki. Amma dubban mutane aka tasa daga gonakinsu da kushewun iyayensu kafin tafkin ya cika, kuma har yau akwai ƙauyuka a yankin da ke kwana da tocila. Can ƙasa kuwa, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar da masunta da makiyaya da manoman shinkafa suka dogara da ita ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa.

Shari'a ba ta bar irin wannan lamari ba hukunci ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo hukuncin da Annabi (SAW) ya yanke game da wasu rafuffuka biyu na Madina: na sama ya riƙe ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sake wa na ƙasa. Ashe zama a sama bai ba mutum ikon shanye rabon na ƙasa ba, buƙatarsa kaɗai aka ba shi. Wannan ma'auni ne da ya dace da mai ƙaramar gona, ya kuma fi dacewa da hukumar da ke riƙe da makullin madatsa.

Sai maganar wuta. Tun 2020 aka kasa masu shan lantarki a Nijeriya aji biyar. Aji na farko an yi masa alkawarin awa 20 a rana, na ƙarshe awa 4. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin ajin farko daga naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, bisa hujjar cewa bai kamata a ci gaba da tallafa wa mawadata da dukiyar jama'a ba. Hujjar tana da ƙarfi. Sai dai ta tabbatar da abu guda, watau hasken dare ya zama na mai iya biya. Ƙarƙashin aji na biyar ɗin kuma akwai wani aji da ba a sa masa suna ba, shi ne na waɗanda waya ba ta kai gare su ba sam, waɗanda Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa sun kai mutum miliyan 85.

Da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, a 2024 kuma ta haye naira 1,000. Attajiri ya kafa faifan hasken rana a rufin gidansa ya huta. Ma'aikaci, da gas ya yi masa tsada, ya koma gawayi. Nauyin duka sai ya gangaro kan bishiya. Mai bin hanyar da ta taso daga Doguwa ta ratsa Falgore da Tudun Wada zuwa Kwanar Ɗangora a ƙasar Kiru ba zai rasa ganin itace da buhunan gawayi a gefen titi suna jiran motocin birni ba. Mai injin casar shinkafa a Tudun Wada yana kuka da kuɗin mai, matar da ke turara shinkafar kuma tana shaƙar hayaƙi tun safe har yamma.

In aka tashi maganar ƙarewar daji, wanda ake fara zagi shi ne mai gatari. Lalle yana da laifi in ya sare ɗanyar bishiya a gandun da aka killace, domin ɓarna a bayan ƙasa haramun ce ga talaka da mai kuɗi. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shi mai gatarin nan abincin yini yake nema, ribar kuwa tana wurin dillali da mai mota, jin daɗin kuma yana wurin mai girki a birni. Adalci bai yarda a kama na ƙarshen sahu a ƙyale waɗanda suka tura shi ba.

Wani zai ce ai Allah ne Ya fifita wasu bisa wasu a arziki, kuma injin lantarki ba garwashin maƙwabta ba ne, kuɗi aka kashe aka kafa shi. Gaskiya ne. Malamai sun halatta wa wanda ya ɗebo ruwa a tulunsa, ko ya yo itace a kansa, ya sayar, domin guminsa ya shiga ciki, saboda haka karɓar kuɗin wuta ba zalunci ba ne a kan kansa. Amma fifikon arziki jarrabawa ce, ba lasisin mallake abin da rai ba ya tsayuwa sai da shi ba. Bugu da ƙari, madatsar Tiga ba da kuɗin wani attajiri aka gina ta ba, daga baitulmali aka gina ta, a kan gonakin talakawa. Abin da aka yi da dukiyar kowa, tilas rabonsa ya bi ƙa'idar dukiyar kowa.

Ƙa'idar kuwa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya nuna ta. Muwaɗɗa ta kawo cewa sa'ad da ya killace makiyaya domin dabbobin baitulmali, ya umurci mai tsaronta ya bar masu ƙananan garke su shiga, ya kuma tsare garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usmanu ɗan Affan, alhali suna cikin manyan sahabbai. Dalilinsa shi ne, in dabbobin mawadaci suka mutu yana da gonaki da dabino da zai koma, shi kuwa talaka sai dai ya zo wa shugaba da 'ya'yansa yana kuka. Watau in abin tarayya ya yi ƙaranci, wanda ba shi da madogara ake fara ba. A tsarin yau kuwa an juya lamarin, mai janareta shi ke da awa 20.

Saboda haka wajibi ne ga hukuma, duk inda aka samar da ruwa ko wuta, ta fara da asibiti da makaranta da rijiyar garuruwan da suka ba da ƙasarsu, ta kuma saki rabon na ƙasa a kan lokaci. Mawadata su tuna da Sayyidina Usmanu, wanda ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya mai da ita wakafi; rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a wani ƙauyen Doguwa ita ce kwatankwacinta a yau. Mai kwana da na'urar sanyaya ɗaki uku a kunne, ɗakunan kuma ba kowa, ya sani almubazzaranci ne ko da aljihunsa na iya biya. Mai gatari kuma ya taƙaita ga busasshe, ya dasa madadin abin da ya sare.

Allah Ya ba shugabanni ikon yin adalci, Ya sa wa talakawa albarka a abin da suka samu, amin.