Laifin Wuƙa Ko Na Mai Wuƙa?

Jama'a, ga wata tambaya da wani tsohon wasan majigi ya tayar mini. A ƙasar Jamus aka yi shi cikin 1920, tun hotunan majigi ba su fara magana ba. Robert Wiene ne ya shirya shi, ana ce da shi Akwatin Dokta Kaligari.

Wani hatsabibi ne, Kaligari, ya zo garin Holstenwall lokacin bikin shekara, ya kafa rumfa cikin masu dabo. Abin da ake biya a kalla a rumfarsa wani mutum ne, Cezare, wai ya shekara 23 yana barci. In ya tashe shi sai ya yi duba. Wani saurayi, Alan, ya tambayi tsawon kwanansa, Cezare ya ce iyakarsa asuba. Gari bai waye ba kuwa sai da aka soke shi. Kafin wannan an kashe magatakardan gari, wanda ya wulaƙanta Kaligari ran da ya je neman izni. Ashe Kaligari ke aika mai barcin nan da wuƙa cikin dare.

To, wa ya yi kisan? Da fari na ce Kaligari kaɗai, don ba a kama mai barci da laifi, ba a kuwa kai wuƙa gaban alƙali. Amma akwai wurin da ya hana ni sakat. An aiki Cezare ya kashe wata budurwa, Jane. Ya ɗaga wuƙa, ko da ya ga fuskarta sai ya fasa, ya sungume ta ya gudu. Wuƙa ba ta fasawa. Wanda ya iya ƙin umurni sabo da kyan yarinya, me ya hana shi ƙi a kan Alan? A ganina yana da kasonsa, ko da bai kai na ubangidansa ba.

Kusan haka aka ɗauki al'amarin a shari'ar Nuremberg cikin 1945 da 1946, da aka gurfanar da manyan Jamus: cewa "sa ni aka yi" ba ta wanke mutum, sai dai ta yiwu a sassauta masa.

Masu wasan kuwa sun zame a ƙarshe. Sun nuna mai ba da labarin, Francis, mahaukaci ne, Kaligari kuma babban likitan gidan mahaukatan da yake tsare. Watau mai tuhuma aka ɗaure, wanda aka tuhuma ke riƙe da mabuɗi. Wannan ƙarshe bai gamshe ni ba.