Aljanu, Fatalwa da Labaran Dare: Nasiha ga 'Yan Uwa Mazauna Jidda

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Mahaliccin mutum da aljan. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda aka aiko zuwa ga jinsunan biyu baki ɗaya, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan uwa, Jidda gari ne mai yawan labari. Tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, ta zama mashigar Makka ta teku, kuma duk al'ummar da ta sauka a gaɓarta ta zo da kayanta da tatsuniyarta. A cikin Balad akwai unguwar da ake kira Haratul Mazlum, wadda ake danganta sunanta da Sayyid Abdulkarim Al-Barzanji da hukumar Daular Usmaniyya ta kashe. Mutanen gari suka ce jininsa da ya kwarara ya rubuta kalmar "mazlum" a ƙasa. Akwai kuma maƙabartar da ake cewa Nana Hauwa'u na kwance a cikinta. Ibnu Jubair, da ya ratsa garin a 1183, ya ambaci wata tsohuwar ƙubba da ake jingina mata, daga baya mutane suka riƙa nuna wani kabari mai tsawon fiye da mita 100 suna kai masa ziyara da buƙatu, har aka rushe ginin a 1928. Babu aya ko ingantaccen hadisi da ya ayyana inda aka binne ta.

Mu ma Hausawa ba mu zo hannu rabbana ba. A gida kuka da tsamiya da tsohuwar rijiya ne masaukin iskoki. Da muka iske babu kuka a Jidda, sai muka mayar da su tsohon bene da kango. Tun da aka fara rushe tsofaffin unguwanni a ƙarshen 2021, irin su Sabil da Karantina da Gulail, inda jama'armu suka daɗe, mutane suka warwatsu cikin maƙwabtan da ba su sani ba. Zuciyar da ta rasa matsuguni kuwa saurin karɓar labarin tsoro gare ta: wance ta ji kukan jariri a fili cikin dare, wane ya ɗauki fasinja mai kofaton jaki. Ka tambayi wanda ya gani da idonsa, sai a ce maka ƙanin mijin wata ne.

Samuwar aljanu gaskiya ce, wanda ya musanta ta ya ƙaryata Alƙur'ani. An halicce su daga wuta, an ɗora musu shari'a, cikinsu akwai mumini da kafiri. Sura ta 72 sunansu take ɗauke da shi, kuma Masallacin Aljanu yana nan a Makka kusa da maƙabartar Mu'alla. Sai dai abin da wahayi ya faɗa game da su ya sha bamban da abin da hirar dare take faɗa. Suratu Saba'i, aya ta 14, ta ba mu labarin rasuwar Annabi Sulaiman, amincin Allah ya tabbata a gare shi: yana dogare da sandarsa, aljanu suna ta aikin wahala a gabansa, ba su san ya rasu ba sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Halittar da gawa take tsaye a gabanta ba ta gane ba, ita ce za ta gaya maka wanda ya ɗauke maka fasfo, ko ranar da iƙamarka za ta fito? Aya ta 6 a Suratul Jinni kuma ta nuna cewa mazajen da suka riƙa neman tsarin aljanu ba su ƙaru da komai ba sai tsoro da zunubi.

Fatalwa kuwa ba ta da gurbi a aƙidarmu ko kaɗan. Ƙarshen Suratul Muminun ya bayyana cewa mamaci yana roƙon a mayar da shi duniya, ba a amsa masa, akwai shamaki a bayansa har ranar tashi. Larabawan jahiliyya sun yi imani cewa wanda aka kashe ba a ɗaukar masa fansa ba, wani tsuntsun dare yana fita daga kansa yana kuka a kan kabarinsa, Manzon Allah ya soke wannan. Mu da muke jin kukan mujiya gabanmu ya faɗi, mu duba kusancinmu da su. Kuma ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka haɗa abubuwan biyu, shi da kansa ya raba su, alhali labarin ɗaukaka gidansa yake yi.

Ku dubi Wadil Jinni da ke arewa maso yammacin Madina, inda ake kwasar alhazanmu a mota. Direba ya cire giya, mota ta kama gudu, a yi ta kabbara ana ɗaukar hoto. Gangare ne kawai, yanayin duwatsun kewaye ke yaudarar ido har ya ga kamar hawa ake yi, kuma akwai irinsa a ƙasashe da dama. Kuɗin motar nan da an yi sadaka da shi a ƙofar Harami ya fi.

Da abin ya tsaya ga hira, da da sauƙi. Amma labarin tsoro yana da 'ya'ya. Na farkonsu zargi: yaro ya yi zazzaɓi, a tuna wata tsohuwa ta shafa kansa jiya, kafin magariba saƙon murya ya zaga wayoyi cewa mayya ce. Manzon Allah ya sanar da mu cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji, kuma danna "tura" ba da labari ne. A ƙasar nan zargin sihiri ba wasa ba ne. A 2011 an zartar da hukuncin kisa kan wani ɗan Sudan a Madina, da wata mata a yankin Jauf, bisa wannan tuhuma. Wanda ya jefi baƙo marar gata da kalmar sihiri don sun yi saɓani kan kuɗin adashe, ya san wuyan mutum yake wasa da shi.

Na biyu boka, ko da ya naɗa rawani ya riƙe carbi. Alamarsa sananniya ce: ya tambayi sunan mahaifiya, ya nemi ɗankwali ko gashi, ya ce a yanka baƙin bunsuru kada a ambaci Allah. Mace ta yi wata guda tana goge-goge a gidan mutane, ta tura masa riyalolinta Kano ko Maraɗi don a "ɗaure" mata aljanin da ya hana ta aure. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya nuna wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa kwana 40. Shehu Usman ɗan Fodiyo a Nurul Albab ya yaƙi masu yanka wa itatuwa da duwatsu. Abin kunya ne a ce jikokin almajiransa suna wannan daga garin da bai kai tafiyar awa biyu zuwa Ka'aba ba.

Abin da Sunna ta ba mu kaɗan ne kuma ya wadatar: a shigar da yara gida da almuru, a rufe ƙofa da sunan Allah, a rufe kwanuka, a karanta Ayatul Kursiyyi da Ƙulhuwa da Falaƙi da Nasi kafin barci, a yawaita Baƙara a cikin gida. Ruƙiyya halas ce idan da Alƙur'ani da addu'o'i sanannu aka yi ta, kuma kowa zai iya yi wa kansa da iyalinsa, ba sai an biya wani ba.

Wanda yake faɗuwa yana kumfa, da matar da ta haihu ta daina barci tana surutai, da saurayin da aka kore shi daga aiki ya kulle kansa a ɗaki, a yi musu addu'a a kuma kai su ga likita. Farfaɗiya da ciwon damuwa suna da magani. Na san tsoron rashin takarda yana hana wasu kusantar asibiti, to wannan nauyi ne a kan masu iƙama da masu hali a cikinmu: su raka, su yi magana, su haɗa kuɗin. Kada a ɗaure marar lafiya ana dukansa da sunan fitar da aljani, domin jikin da bulala take sauka a kansa na ɗan uwanku ne. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.