Awo a Ahawa, Awo a Urushalima: Amanar Kuɗin Mamaci

Karatu: Ezra 8:24-34, 2 Sarakuna 4:1-7

'Yan'uwa, sa'ad da Ezra ya yi shirin tashi daga bakin kogin Ahawa, ya keɓe mutum goma sha biyu daga cikin manyan firistoci, ya auna musu dukiyar Haikali a hannu: azurfa talanti 650, zinariya talanti 100, ban da tasoshi. Amintattu ne, Ezra kuwa bai zarge su da kome ba. Duk da haka da suka isa Urushalima, a rana ta huɗu aka sāke awo a gaban shaidu, aka rubuta nauyin kowane abu. Awon nan na biyu shi ya wanke su daga bakin mutane.

A zamanin kakanninmu gādon mutum a fili yake: gona, da rumbu, da awaki, kowa yana gani. Yanzu fa, daga Kafanchan har Kagoro, da Zonkwa, da Kwoi, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, da malamin makaranta, da manomin citta, duk wahalarsu tana banki, inda ido ba ya gani. Sai ka ga tun gawa tana kwance wani ƙane ya ɗauki kati, ya san lambar, yana cira kaɗan kaɗan, wai na jana'iza ne. A yanka sa, a ɗinka anko, baƙi su ci su watse. Wata uku bayan haka a koro marayu daga makaranta saboda kuɗi. Wannan sata ce, ko da mai yinta dattijon ikilisiya ne.

To, wace hanya ce daidai? A sanar da banki mutuwar, banki kuwa zai tsai da cirar kuɗi. Kada mu ji haushin wannan, shinge ne aka yi wa marayu. Mu lura kuma, wanda mamaci ya rubuta sunansa a takardar banki a matsayin ɗan'uwa mafi kusa, bai zama magaji ta wurin haka ba. Shi ne dai wanda za a nema. Mutane da yawa sun ruɗe a nan. Sai a je da takardar shaidar mutuwa ofishin gādo na Babbar Kotu. In akwai wasiyya, kotu ta tabbatar da ita. In babu, ta ba da takardar izinin lura da gādo, yawanci ga mutum biyu ko fi. Akwai kuɗin kotu, akwai jira kuma. Da takardar nan banki zai buɗe asusu da sunan gādon, dukan abin da ya shiga ko ya fita a rubuce. Lambar BVN, wadda aka fara a 2014, takan taimaka a gano sauran asusun mamaci.

Wa za a fara biya? Gwauruwar da ta yi kuka ga Elisha, mai bin bashi yana zuwa ya kwashe 'ya'yanta biyu. Da mai ya cika tuluna, annabi ya umurce ta ta fara biyan bashin, sa'an nan ita da 'ya'yanta su ci sauran. Bashi tukuna, sa'an nan iyali. Ba a ambaci 'yan'uwan miji ba.

'Ya'ya mata fa? 'Ya'yan Zelofehad biyar sun tsaya gaban Musa, Ubangiji kuwa ya ba su gaskiya (Littafin Lissafi 27). A 2014 Kotun Ƙoli ta Nijeriya, a shari'ar Ukeje, ta rushe al'adar Ibo mai hana 'ya mace gādon ubanta. Abin kunya ne alƙalai su riga masu bi gane wannan.

Wanda aka danƙa wa amanar nan, kada ya haɗa ko kobo da nasa. Ya sayi littafi, ya adana kowane rasit, ya karɓi lissafin banki ya karanta wa gwauruwa da harshen da take ji, ko Tyap, ko Jju, ko Hausa, dattawa biyu suna zaune. Ga tambaya domin taronmu: su wane ne cikinmu matansu suka san bankin da kuɗinsu yake?