Ƙuncin Ɗaki Ba Ya Kayar da Sutura

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya sanya kunya ta zama ado ga mumini. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, jama'a ta yawaita, filin gida kuwa bai ƙaru ba. Ƙidayar 1988 ta sami mutanen Nijar wajen miliyan 7, ta 2012 kuwa ta sami fiye da miliyan 17. A nan Yelu muna ganin haka da idanunmu: gidan da kaka ya gina domin iyalinsa, yau magidanta da yawa ne a ciki. Ga kuma ambaliyar damanar 2024, wadda ta rushe ɗakunan laka a jihohin ƙasar nan, har uba da uwa da samari da ƴan mata suka koma kwana ɗaki guda. Talauci ba zunubi ba ne, amma ba ya kayar da haƙƙin sutura.

A Suratun Nur, aya ta 58, Allah Ya ambaci lokuta uku da yaro ma ba ya shiga wurin iyayensa sai da izini: kafin sallar Asuba, da tsakar rana lokacin hutawa, da bayan sallar Lisha. An saukar da wannan hukunci a Madina, inda ɗakuna ƙanana ne. Ashe ba domin masu benaye aka saukar da shi ba. Haka nan Abu Dawuda ya ruwaito umarnin raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara 10, kuma Ibn Abi Zaid ya kawo shi tun a farkon Risala, wadda muke karantawa a zaurukanmu.

Wani zai ce: "Malam, ɗakina ɗaya ne." To, Allah Ya hore mana karan gero da kaba da giginya. A kafa zana, a rataya labule, kowane yaro da tabarmarsa da mayafinsa, samari su kwana a zaure. Baƙo kuwa, ko daga Kamba ya zo, ko daga Gaya, ko ɗan'uwa ne na jini, kada a kwantar da shi cikin yara. Mafi yawan ɓarnar da ake kawo mana a asirce ba daga jeji ta fito ba, daga cikin gida ne. Idan yaro ko yarinya suka kawo kuka, a saurara, a kai su likita, a kai maganar ga hukuma. Rufa wa azzalumi asiri ba kunya ba ce, cin amana ne.

Akwai kuma wanda cunkoso ke tona wa asiri ba da laifinsa ba, wato wanda aka haifa mata-maza. Malamanmu ba su mai da shi abin dariya ba. Shehu Halilu ya rufe Muhtasar ɗinsa da hukuncin gadonsa: idan al'amarinsa ya rikice, a ba shi rabin kason namiji da rabin kason mace. Wanda Shari'a ta ba gado, wa ya ba mu izinin tozarta shi? Haka yaron da muryarsa ko tafiyarsa ta yi laushi bisa halitta: masu ce masa "ke" domin a yi dariya su duba Suratul Hujurat, aya ta 11, wadda ta hana izgili da jifa da mummunan laƙabi. Tarbiyya da nasiha ake yi, a keɓe; izgili kan kori yaro daga masallaci zuwa tasha.

Saboda haka, kowane magidanci ya duba makwancin iyalinsa yau, kafin dare ya yi. Allah Ya yalwata mana gidajenmu, Ya suturta mu duniya da lahira, Ya shiryar da zuriyarmu. Amin.