Sunayen Kayan Gini da Haƙƙin Mai Gida a kan Magini

Wanda duk ya bi hanyar Jos daga Kwanar Dangora, ya wuce Tudun Wada, ya ratsa Dajin Falgore har ya sauka Doguwa, in ya kula da gine-ginen da ke dama da hagu, zai ga zamani biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa: ga katangar ƙasa da ɗakin jinka da soron da kakanni suka bari, ga kuma bulo da kwano suna ta cin wurinsu shekara kan shekara. Ba kuka nake yi da wannan canji ba, gama ruwan da ake yi a wannan yanki, musamman wajen duwatsun Riruwai, ya fi na birnin Kano yawa, kuma wanda damina ta taɓa zubar masa da ɗaki ba a zarginsa don ya nemi siminti. Abin da ya dame ni mas'ala ce ta fiƙihu, watau hukuncin yarjejeniyar da aka ƙulla da kalmomin da ɗaya daga masu ƙullawar bai san ma'anarsu ba.

A da, in mai gida ya kira magini, harshe ɗaya suke yi. Ya san tubali, domin watakila da hannunsa ya cura shi ya shanya. Ya san azara, ya kuma san ta giginya ce ke jure gara. Ya san ba a ɗora sabon jeri sai na ƙasa ya sha iska. Ya san yaɓe da daɓe, da makubar ɗorawa da ake kare bango da ita, da indararon da ke jefa ruwa nesa da gindin katanga. Ko manyan asiran sana'a, irin su bakan gizo da ɗaurin guga, waɗanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai su matuƙa a Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, talaka ya san sunansu ko da bai iya su ba. In kuwa gardama ta tashi, akwai Sarkin Magina, akwai al'adar gari wadda kowa ya tashi ya tarar.

Yau manomi ya sayar da masararsa, ya zo da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, sai birkila ya shiga lissafa masa linta da fila da kankare, da rodi mili 10 ko mili 12, da bulo inci 6 ko inci 9, shi kuwa yana ta gyaɗa kai don kunya, alhali bai san wanne ne ke ɗaukar nauyi ba, wanne ne ado. Malaman mazhabar Malikiyya, kamar yadda almajiri ke karantawa a babin ciniki da ijara na Risala da Muhtasar, sun sharɗanta aikin ya zama sananne, ladan ma sananne, domin jahilci a cikin ƙulla ciniki shi ne ƙofar garari. To, ina sanin yake, in harshe ya furta suna amma zuciya ba ta san mai sunan ba?

Wani zai ce al'adar masu sana'a ta wadatar, tunda shari'a tana tsayar da urfi a matsayin sharaɗi. Na yarda da wannan, amma hujjar a kan magini take komawa: in al'adar masana ita ce awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa a kankaren da zai ɗauki nauyi, to wannan awo ya wajaba a kansa ko mai gida bai ambata ba, kuma rage shi algus ne. Muslim ya ruwaito yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi don bai bayyana jiƙaƙƙen a sama ba. Aibin gini ya fi wannan ɓuya, domin da zarar an zuba kankare an yi filasta, babu hannun da zai sake kaiwa ga rodin da ke ciki. Saboda haka a ganina bayani wajibi ne a kan magini, da Hausar da mai gida zai gane, tun kafin a haƙa harsashi, kuma a ƙirga rodi a gabansa kafin a rufe.

Saura fuska ɗaya wadda ta fi tsanani, ita ce inda mai gida ya fahimci komai sarai, sa'an nan shi da bakinsa ya ce a rage siminti, domin shaguna yake ginawa a bakin titi ya ba da haya. A nan yardarsa ba ta wanke magini ba, gama wanda zai zauna ƙarƙashin lintar, da yaron da za a aiko sayen gishiri, ba su halarci yarjejeniyar ba, kuma ba wanda ke da ikon yafe haƙƙin ransu a madadinsu.